Shuni a Rijiyar Malam Kolo

Ana tsakiyar yaƙin basasa, da damina, aka kawo wa Sufeto Hambali rahoto daga unguwar Kabara. Fanna, jikar Malam Kolo, 'yar shekara huɗu, ta rasu bayan kwana biyu tana amai da gudawa. Mutum biyar na gidan suna kwance.

Unguwa kuwa har ta yanke hukunci: wai maƙwabciyarsu 'Yardada ce ta zuba guba a rijiyar gidan don an hana ta ɗiba. An ma fara jifar ƙofarta. Abin haushi, duk cikin masu jifar babu wanda ya gan ta kusa da rijiyar, sun dai samu gwauruwa marar gata ne.

Sufeto ya leƙa rijiyar. Ruwan ya taso sosai, ga wani ɗan wari.

"Malam, ina masai?"

"Yana can ƙarshen gida, tun na mahaifina. Ba mu da wani."

Taku shida daga rijiyar akwai sabon zana da tulin jar ƙasa ɗanya.

"Wannan fa?"

"Rumbu zan yi," in ji Malam Kolo, idonsa a ƙasa.

Sufeto ya sa aka nemo Ilu mai haƙar rijiya. Da fari ya rantse bai san gidan ba.

"Ilu, an gan ka da diga a zauren."

Sai Ilu ya faɗi gaskiya. "Ranka ya daɗe, tsohon masan ne ya cika da ruwan damina. Na haƙa sabo a bayan zanan, ina kai zurfin gaba guda da rabi na tarar da ruwa. Na ce a tsaya. Malam ya ce in ci gaba, wai masan da ya taɓo ruwa ba ya cika har abada."

Sufeto ya aika marina aka kawo tulu uku na shuni, ya juye a sabon ramin, ya hana kowa taɓa rijiyar. Bayan kwana biyu ya tara mai unguwa da dattawa, ya zura guga a rijiyar da kansa. Ruwan ya fito shuɗi.

Malam Kolo ya zauna daɓas a ƙasa.

"Na sani tun ranar da na ji warin," ya ce, hawaye na bin gemunsa. "Ubanta yana bakin daga, amanarta ya bar mini. Da wane baki zan ce ni ne? Da aka ambaci 'Yardada sai na yi shiru."

Tausayi ya kama Sufeto, ya mayar da ankwa aljihu. "Tashi mu je, Baba."

A ƙofar 'Yardada tsohon ya ja ya tsaya, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Jama'a, baiwar Allahn nan ba ta yi komai ba. Ni na kashe jikata."

Ƙofar ta buɗe a hankali. 'Yardada ta fito, goshinta ɗaure da tsumma inda dutse ya same ta.

"Allah ya jiƙan Fanna, Malam," ta ce. "Ni ma na goya ta."