Hannu na Huɗu

Hafizullahi, mai gyaran rediyo a garin Isa, ya ƙera wani abin kiɗa da tsohuwar sifika, batirin babur da faranti biyu na jan ƙarfe. Ba ya sauti mai daɗi sai mutum huɗu sun riƙe hannun juna, na gefe biyu sun dafa farantan. Kowa da irin muryar da fatarsa ke bayarwa. Ta Kalilu, ɗaya daga cikin su huɗun da ke kaɗa shi, siririya ce, tana rawa kamar sarewar makiyayi.

Kwana tara ke nan da binne Kalilu a Gatawa, ga shi jibi za su yi wasa a gidan biki. Hafizullahi ya kasa zama. Ya kwance waya, ya ɗaura, ya sake kwancewa. Da shi da Hamza da Ashraf, su ukun da suka rage, abin gurnani kawai yake.

Bayan magariba wani baƙo ya tsaya a bakin shago, rawani ya rufe masa baki. Bai yi sallama ba.

"Za ni cike muku," in ji shi.

"Malam, ka san wanga abu?" Hamza ya tambaya.

"Ku dai ba ni hannu."

Hafizullahi ya miƙa masa. Tafin baƙon sanyi ƙalau, da damshi kamar ƙasar da aka haƙo yanzu. Hamza ya riƙe ɗaya hannun Hafizullahi da na Ashraf. Ashraf ya dafa faranti, baƙon ya dafa ɗayan.

Sifika ta saki siririyar murya mai rawa, har da 'yar gargadar nan da tabon lauje a yatsan Kalilu ke jawowa. Hafizullahi ya so zare hannunsa. Sai yatsa mai tabo ya matse shi sau biyu, yadda Kalilu ke yi in lokacin amshi ya zo.