Tsumma a Kan Waya

Kar ku ce ba ku gani ba! Kullum kuna wuce wayar lantarkin da aka haɗa da tsumma a bayan wani ɗakin magani na garin Agiye, murnar sabon injin ba da wuta ta rufe muku baki.

Jiya bayan isha'i Ɗanasabe mai gyaran wuta ya je duba ta, ya tarar da wani baƙo tsaye, yana warin ƙuna.

"Malam, matsa, injin na aiki."

"Na sani, ɗan'uwa. Wa ya ɗaura tsumman nan? Shi nake nema."

Ɗanasabe ya haska fitila. Tsirarar wayar na cikin tafin baƙon, yatsunsa sun zama gawayi, ko gezau bai yi ba.

Ku je buro, wato ofishin ɗakin maganin, yau, a kashe injin kafin wayar ta kashe mutum na biyu bayan baƙon nan.