Silifas a Ƙofar Masallaci

Ranar Talata, ana tsakiyar sallar azahar, injin gurzar auduga na uku ya tashi, ya datse wa bakanike Ustad Allah Ditta yatsu biyu. Kafin la'asar manajan kamfanin ya yanke hukunci: da aka ɗauke wuta, bakaniken bai kulle akwatin makunnin wuta ba kafin ya cusa hannu, aka dawo da wuta, inji ya kama aiki. Ga kwadonsa nan an tsinta a akwatin kayan aikinsa. Saboda haka ba diyya, kuma aikinsa na shekara ashirin da shida ya ƙare.

Nasreen Bhutta ce jami'ar kare lafiyar ma'aikata, kuma a duk birnin Multan da wuya a sami mace mai nacinta. Ita ta kafa dokar kwadon: mai gyara ya kulle makunni, ya riƙe mabuɗi. Abu ɗaya ya tsaya mata a rai. Kwadon Ustad na ɗaure da koren zaren da ya karɓo a hubbaren waliyyi, wannan kuwa ba zare.

Ta same shi a asibiti, hannu a naɗe. Shi ma Baji yake kiranta, wato yaya, kamar kowa a kamfanin.

"Baji, na kulle. Mabuɗin ma ga shi a wuyana tare da laya."

Ta karɓa ta gwada a kwadon da aka tsinta. Mabuɗin ya ƙi juyawa. Da ta koma kamfani ta duba akwatin makunnin, sai ta ga maratayar kwadon sabuwa ce fil, ga sawun ƙarfe inda aka ɓanɓare tsohuwar.

Ta fara da Yaqoob Masih mai gyaran wuta, tunda shi Kirista ne, ba ya masallaci a lokacin.

"Ina bakin get muna cin gurasar roti da maigadi, Baji. Kuma ni da nake da sukundireba, me zai sa in ɓanɓare abu kamar ɓarawon kaji?"

Maigadi ya shaide shi. Sai Ghulam Rasool, mai sarrafa injin.

"Ina sahun farko. Ni ne ma na tayar da iƙama, da wannan muryar tawa ta agwagwa."

"Me ya sa kai?"

"Ai aikin Ustad ne kullum. Muka jira shi, muka waiga, babu shi. Ɗakin mutum goma sha biyar ne, Baji, wa zai ɓace a ciki?"

Na ƙarshe shi ne Shaukat, shugaban ma'aikata, wanda motoci uku ke jiran dilolin audugarsa tun safe.

"Kana ina da inji ya tashi, Shaukat Sahab?"

"Masallaci mana. Ni na ma ɗauka Ustad na tare da mu, don na ga silifas ɗinsa a ƙofa."

Nasreen ta matso kusa da shi.

"Wa ya tayar da iƙama?"

"Ustad... ko dai wani. Ban lura ba."

"Duk wanda ya shiga ɗakin nan ya san Ustad ba ya ciki, don sai da aka tsaya jiransa. Mai wucewa ta waje ne kawai zai ga takalmi ya ɗauka mai shi na sahu. Aka dawo da wuta, ka tarar da makunni a kulle, ka ce tsoho ya manta ya tafi salla, ka ɓanɓare. Wannan ganganci ne. Amma sabuwar marataya da sabon kwadon da ka ɗauko a sito, ka jefa a akwatin mutumin da ke zubar da jini, wannan kam mugunta ce."

Shaukat ya zauna a kan dila, ya dafe kai. A tarin ƙwayar auduga ya tono tsohuwar maratayar, kwadon na manne da ita, da koren zarensa. Mabuɗin Ustad ya buɗe shi a gaban manaja da ɗan sanda.

Da ta kai wa Ustad albishir ɗin diyya da aikinsa, ta yi tambayar da ta rage mata.

"Ustad ji, me ya kai silifas ɗinka ƙofar masallaci?"

"Ke mana. Wata shida kina bina da takalmin but ɗin nan mai bakin ƙarfe. Ranar ce na fara sa shi, na ajiye silifas can don alwala."

Zuciyarta ta karye: ashe nacinta ne ya ajiye silifas ɗin a ƙofar. Tsohon ya motsa ƙafafunsa a ƙarƙashin bargo.

"Kar ki damu, Baji. Na ƙafa dai goma ne cif."