Sikelin Kayan Alhazai

"Ban je ba, Nuriyya..."

Abdulbaƙi ya faɗi haka kansa a sunkuye, a shagonsa na auna kayan alhazai da ke unguwar Tandabawi a Makka. Tun kafin azumi ya yi mata alkawarin zuwa asibitin da take aiki, ga shi har alhazai sun fara komawa gida.

"Amma ka ce min ka je!"

"Na kai bakin ƙofa, sai na juyo."

Nuriyya ta runtse ido. Tana cikin masu binciken ƙwayoyin gado, suna neman gano alaƙar kitsen jiki da sankarar mafitsara ta maza. Yawu kaɗan a kwalba, awon nauyi, gwajin jini, shi ke nan abin da ta roƙa a wurin mutumin da zai aure ta. Wannan cuta ce ajalin mahaifinsa, shi kuma Abdulbaƙi tun rasuwar matarsa teɓarsa take ƙaruwa.

"Yaya Ummulkhairi ce ta hana ka, ko?"

"Ta ce idan aka ji ciwon gado ne a gidanmu, wa zai auri 'yata Hadil? Ta ce wace irin mace ce take binciken mafitsarar maza..."

"Ta kuma samo maka bazawarar unguwar Shisha, mai iya dafa shinkafar kabsa, wadda ba ta tambaya. Labari ya iso ni!"

"Habibti..."

"Kar ka ce min habibti, Abu Hadil! Babu suna a jikin kwalbar, lamba ce. Mu kanmu ba mu san amsar ba tukuna, shi ya sa muke tambaya. 'Yarka ba abin da zai taɓa aurenta."

Ya san ba yayarsa ce ta mayar da shi daga bakin asibiti ba. Shi ya yi jinyar mahaifinsa, shi yake zubar da robar fitsari, dattijon yana kawar da fuska don kunya. Tun daga lokacin ya gwammace kada ya sani.

"Na yi takaba sau ɗaya," ta ce. "Mijina Lurwanu ma kullum 'bukra' yake cewa, har goben ta ƙare. Wallahi ba zan sake ba."

Ta zare zoben baikonsu ta ajiye a kan babban sikelin. Lambar ba ta ko motsa ba.

"Khalas, shi ke nan."

Ta juya.

Ya dubi sikelin. Shekara da shekaru yana ɗora masa jakunkuna, dabino da darduma, yana faɗa wa mutane gaskiyar nauyin kayansu ko da ransu zai ɓaci. Bai taɓa yarda ya hau ba.

"Nuriyya... tsaya."

Ya sunkuya da ƙyar ya ɗauki zoben, ya cire takalmansa, ya hau.

Ta dawo a hankali ta leƙa lambar. Dariya ta kubce mata, ga hawaye a kumatu.

"Ya salam! Ba jirgin da zai ɗauke ka."

"Tsoro nake ji," ya ce.

"Na sani."

Ya miƙa mata zoben, yana tsaye a kan sikelin.

"Ina kwalbar?"

Ta buɗe jakarta. Tun kafin azumi take yawo da ita.