Direban da Ya Yi wa Mota Miya

A wani zamani an yi wani direba mai tsohuwar gingimari, kullum ruwan lagiretonta ƙafewa yake. Ga tumatirin mutane na jiran kasuwa, ga inji na zafi.

Ya zuba garin kuka don ya toshe yoyon da bai gani ba. Ruwa ya ƙafe. Ya fasa ƙwai ya zuba. Ruwa ya ƙafe.

Matarsa ta ce, "Malam, in kawo daddawa?"

Ta share ƙarƙashin motar tas, ta ce, "Cika lagireton, ka zauna."

Ya cika, ya zauna har la'asar. Sai ga ɗigo a ƙasa daidai bakin tiyo, nesa da lagireto. Ya matse tiyon, ya yi hamdala, ya kama hanya.

Ranar dai da mai da yaji aka ci tuwo. Mota ta shanye kukar.