Farar Da'ira a Bakin Babban Titi

Ƙarar da aka ji da hantsi ba ta yi kama da fashewar taya ba, shi ya sa masu shagunan bakin babban titi suka fito a guje. Motar haƙa ƙasa ce tsaye a kan aikin sabuwar magudanar ruwa, bakinta a cikin rami, hayaƙi na tashi. Haƙoranta sun datse babbar wayar lantarki da ke binne. Direban ya yi ƙoƙarin dirowa, ƙafa ɗaya a kan ƙarfe, ɗaya a ƙasa, wuta ta kama shi. Kafin a kashe layin, rai ya yi halinsa.

Anti Taswira ta iso wurin ba ta san yadda ta iso ba. Ita ce ke zaune gaban kwamfuta a ofishin safiyo, masu awon ƙasa, duk bututun ruwa da wayar tarho da ta lantarki da ke kwance ƙarƙashin titin nan ita ke zana su a taswira, har sunan ya bi ta. Ta tarar da shugabansu, Baba Safiyo, zaune dirshan a ƙasa yana kallon gawar. Direban mijin 'yarsa Auta ne. Ba wanda ya iya kallon tsohon sau biyu.

Jajayen turakun da ke nuna hanyar wayar suna can a jere, nesa da ramin, kusa da kwalta. Wanda ya kafa su kuwa kowa ya san shi: Dogo, mai yawo da na'urar gano abin da ke binne, ƙanen Anti Taswira uwa ɗaya uba ɗaya. Tana tsaye Sufeton 'yan sanda da ya zo bincike ya sa aka shigar da shi mota. Dogo ya leƙo ta taga ya ce, "Yaya, ba nan na kafa su ba."

Sufeto mutum ne da ba ya son a koya masa aiki, amma yana son a rage masa shi. Ya zaunar da Anti a ofishinta, ya sa ta buɗe taswirar. Jan layi yana kwance daidai inda turakun suke.

"Wa ya zana wannan?"

"Ni. Abin da na'ura ta kawo shi nake ɗorawa."

"Wa ke riƙe na'urar?"

"Dogo."

"To kin gama mini aikin. Ko dai shi ya yi sakaci, ko ke kika gyara masa. Zaɓi ɗaya."

Ta bayyana masa cewa na'urar ba ta san hannun da ya riƙe ta ba, ranar aiki kawai take riƙewa. Da ta duba, sai ta ga an bi wannan yanki sau biyu, ranar Litinin da ranar Alhamis, kuma na Alhamis ya hau kan na Litinin ya shafe shi, kamar yadda sabon awo ke yi kullum. Ita kuwa ta ɗora ba ta tambaya ba, don sake awo ba baƙon abu ba ne. Sufeto ya tambayi maigadi da masu shara, suka tabbatar ranar Alhamis Anti ba ta ɗaga daga kujera ba sai don salla. Wannan ya wanke ta daga zuwa titi, bai wanke ƙanenta ba.

A caji ofis Dogo ya rantse Litinin kaɗai ya yi aiki a wurin. Ya ce wayar tana ta gunji a kunnensa, don wayar da ke ɗauke da wuta na'ura na jin ta tun daga sama. Alhamis kuma yana wani yanki yana neman bututun ruwa, shi kaɗai, ba shaida. Sufeto ya ce duk wanda ya taɓa kamawa shi kaɗai yake a ranar da ake magana.

Foman, shugaban ma'aikatan kamfanin da ke haƙa, shi ne na gaba, kuma Anti ta so ƙwarai a ce shi ne, don mutum ne mai tsawa da gaggawa, wanda turke ke ba wa haushi kamar da gangan aka kafa shi. Da Sufeto ya tambaye shi, ya amsa da zafi.

"Ni in matsar da jan turke? Motata ce ta ƙone, yarona ne ya mutu."

"Wa ya sa shi haƙa wurin?"

"Ni. Ba ma shi ne zai yi ba, ɗaya direban ne ya kwana da zazzaɓi."

"Kana shiga ofishin safiyo?"

"Ko ƙofar ban sani ba. Takarda ake kawo mini."

Turaku kowa na iya tumɓukewa, amma na'urar a kabad ɗin ofis take kwana, kuma Foman bai san ko maɓallin kunna ta ba. Sufeto ya sallame shi. Ya gaya wa Anti, ba tare da mugunta ba, cewa da safe zai kai Dogo kotu kan sakacin da ya jawo kisa.

Da la'asar ta koma titin ita kaɗai. Ba ta san abin da take nema ba, zaman ofis ne ya gagare ta. Ta bi ainihin hanyar wayar daga ramin, tana duban ƙasa. Wanda ya yi aikin ya iya shi: ya cike ramukan tsofaffin turakun, ya kankare jan fenti daga ciyawa, ya jera sababbin da tazara ɗaya kamar an ja da zare. Ba aikin ɗan iska ba ne. Tana cikin tafiya ta ga wani abu a jikin sumintin bakin titi, can ƙasa ƙasa, inda sai wanda ya sunkuya zai gani. Ƙaramar farar da'ira ce da layi a tsakiya, fentin sabo fil. Gaba kaɗan ga wata, gaba ga wata, duk suna kallon inda wayar take da gaske.

Ta zauna a kan sumintin. Wannan alama tana nufin mataccen layi, wayar da aka daina amfani da ita. An bar yin ta tun kafin a ɗauki Dogo aiki, yanzu a na'ura ake rubutawa. Mutum biyu suka rage a ofis da suka san ta: ita, da wanda ya riƙe hannunta ya koya mata.

Ta ɗaga kai ta dubi jerin gidajen da ke bayan ramin. A ƙofar na farko aka shimfiɗa tabarmin masu ta'aziyya. Ta sha zuwa gidan Auta, amma ba ta taɓa kallonsa da idon taswira ba sai yau. Doka ta hana haƙa magudana kusa da babbar waya. In wayar tana inda Dogo ya same ta, dole magudanar ta ja baya, kuma inda za ta ja ta cikin ɗakin Auta ne.

Ta kira kamfanin lantarki ta yi tambaya ɗaya, sannan ta kira Sufeto.

Baba Safiyo ya zo caji ofis da ƙafarsa, don ce masa aka yi ana son bayanin shugaba. Sufeto ya bar Anti ta zauna a gefe. Ta kasa haɗa ido da tsohon, ta ajiye wayarta a kan tebur da hoton da'irar a buɗe.

"Baba, wannan alamar wa ke yin ta?" in ji Anti.

Ya daɗe yana kallon hoton. "Ashe na yi ta," ya ce a hankali. "Ban ma san na yi ba."

Sufeto, wanda tun ɗazu ake rage masa aiki, ya ɗauka daga nan ya jera. Turaku da taswira sun yi ƙarya iri ɗaya, to mai ƙaryar yana da mabuɗin kabad, wannan ya fitar da Foman. Anti ba ta fita ba ranar. Dogo ya ji wayar tana gunji, ba zai kira ta matacciya ba, kuma bai san alamar ba. Saura mutumin da ya yi shekaru yana gaya wa yara kada su bar abin da suka gano ba alama, har hannunsa ya saba. Ya ɓoye wayar daga kowa, amma ya kasa wucewa bai shaida ta ba.

"Matacciya ce," in ji Baba. "Ni na ga binne ta, ta masana'antar da aka rufe ce. Na saurara da kunnena, shiru. Na ce in haƙori ya datse ta, tsohon ƙarfe aka datse. Kafin masu lantarki su ba da takardar cewa ta mutu, an rushe wa yarinyar gida."

Anti ta so ta yi shiru, amma ba ta da ikon yin shirun.

"Baba, an mayar da ita kan injinan ruwa tun bara. Ranar Alhamis sun kashe layin ne suna gyara. Da yamma suka dawo da wuta."

Tsohon ya dubi tafin hannunsa. Mutumin da ya koya wa rabin ofis cewa ba a yarda da shirun waya sai an sake komawa wata rana, shi ne bai koma ba, don shirun ya yi masa daɗi. Bai yi kuka ba. Ya tambayi Sufeto ko za a saki yaron yau, aka ce masa yanzu ma, ya gyaɗa kai, ya miƙe ya bi ɗan sanda.

Dogo ya fito yana murna, ya ga fuskar yayarsa, murnar ta koma ciki. Ta gaya masa a taƙaice. Ya jingina da bango yana girgiza kai, ya ce a'a, ya sake cewa a'a. Ta samu ƙanenta ya kuɓuta, ta kuma san gobe da safe ita za ta mayar da jan layin inda yake, magudanar ta bi ta kan gidan Auta. Ba ta taɓa jin tsoron aikinta ba sai ranar.

Suna shirin fita Auta ta shigo, idanunta a kumbure, da ƙullin magani a hannu. Ta kama hannun Anti ta riƙe gam.

"An ce ke kika gano wanda ya yi. Allah ya saka miki, Anti. Ina Baba? Ya fita bai sha maganin hawan jininsa ba."

Anti ta kau da kai. Dogo ya sunkuyar da kai. Auta ta dubi wannan, ta dubi wancan, sannan idonta ya sauka a kan kantar 'yan sanda, inda ake ajiye kayan wanda aka rufe. Takalman mahaifinta ne a kai, da bel ɗinsa, da tabaransa a naɗe.