Fararen Duwatsun Filin Jirgi

Lariba tana kwashe tuwo da magariba dutse na farko ya faɗo tsakar gida. Na biyu ya fasa randa. Mijinta Mutari ya ɗauko shi ya juya a hannu. Dutsen fari ne fat, kuma shi da kansa ya shafa masa farar ƙasar.

Tun zamanin Turawa Mutari ke gadin wani ɗan filin jirgi a bayan unguwar Nyohini, inda ƙaramin jirgin likita yake sauka. Shi ke yanke ciyawa, shi ke jera fararen duwatsu gefe da gefe don matuƙi ya gane hanya daga sama. Yana da wata al'ada da mutane ke yi masa dariya a kanta. Kafin jirgi ya sauka sai ya bi filin yana kira, "Gafara dai, masu wuri! Ku janye 'ya'yanku!" Ba kuwa da masu awaki yake ba.

Da aka sami 'yancin kai jirgin ya daina zuwa, aka ce za a yanka filin a raba wa masu gini. Mutari, da yake ba ya son a riga shi, ya kwaso duwatsun ya kafa harsashin sabon ɗaki da su. Mutumin da ya tsufa yana neman gafara, ran nan ko uffan bai ce ba.

Tun daga wannan magariba jifa bai fasa ba. Rana na faɗuwa kaji su yi tsit, duwatsu su fara sauka ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kamar mai jifan ba ya sauri. Sannan abin ya koma kan Adijatu, 'yarsu tilo. Ta bar ci, ta bar magana. Sai ta zauna ta fuskanci filin, wani gurnani yana fita daga ƙirjinta irin na jirgin da ke nesa. Tsoro ya kama Lariba har ba ta iya haɗa ido da 'yar cikinta.

"Maigida, yarinyan nan ba shi ba ne," ta ce murya ƙasa-ƙasa. "Je ka kira Afa."

Afa Imurana, malamin unguwar, ya iso rana ta yi ja. Ya zauna gaban yarinyar, ya sa turare a garwashi, ya daɗe yana karatu. Gurnanin ya tsaya. Adijatu ta ɗago kai, muryar wani tsoho ta fito daga bakinta.

"Daga unguwar Changli gini ya kore mu. Daga Gumbihini ma haka. Nan kaɗai ya rage mana sarari. Jirgi bai taɓa cutar mu ba, yakan yi shela tun daga nesa. Mai gadin nan ma yakan yi mana sallama. Sai ga shi ya kwashe mana duwatsun iyaka, jikata tana barci a jikinsu."

"Yarinya ba ta ɗauki dutsen kowa ba," in ji Afa. "Me za ka karɓa ka sake ta?"

"Dutse ya koma inda yake. Fili ya zauna fili."

"Na farko yana hannunsa. Na biyu na gwamnati ne. Rage."

Afa bai gama jan cinikin ba Mutari ya zube gwiwa biyu. "Na yarda! Wallahi duka na yarda!"

Afa ya runtse ido. Muryar ta yi dariya kaɗan. "Ka ji da kunnenka, malam. Ranar da aka rufe filin, na san ɗakin da zan dawo." Adijatu ta yi atishawa, ta sulale jikin uwarta, ta nemi ruwa.

Kashegari Mutari ya rushe harsashin, ya dinga jidar duwatsu a ka. Adijatu ta biyo shi da ɗaya a hannu. Suna cikin jerawa wata babbar mota ta ratso tsakiyar filin, ta juye yashi, leburori suka diro da diga da igiyar awo.

Yarinyar ta daɗe tana kallonsu.

"Baba," ta ce, "su ma ka gaya musu alkawarin da ka yi?"